Daga Jami'a Sai Ina? Wa Zai Riƙe Hannun Ɗaliban Tasawa Da Mayahi

A lokacin babban hutun makarantu, ɗaliban jami'a ƴan asalin gundumomin Tasawa da Mayahi sun gayyaci iyayensu da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati zuwa wani zaman shawara a garin Tasawa. Ga cikakken jawabin da wakilinmu ya gabatar a wurin.

 



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga ya dace ɗan jarida ya tsaya gaban manyansa ya yi magana. An umarce ni da in faɗi wani abu game da zaman jami'a da abin da ke biyo bayansa. Na karɓa ne saboda ni ma ban daɗe da fitowa daga cikinsa ba, kuma har yanzu ban manta da tambayar da mahaifina ya yi mini ba ranar da na kawo masa takardar digirina. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa mini albarka, sa'an nan ya ce: "To, yanzu sai yaushe za ka fara aiki?" Ban sami amsar ba shi ba. Na tabbata a cikin wannan taro akwai iyaye da yawa da suka yi irin wannan tambaya, akwai kuma samari da ƴan mata da suka sunkuyar da kai kamar yadda na sunkuyar. A kan wannan tambaya zan yi magana.

Ɗan Tasawa da sunansa ke kan jami'a

Bari in fara da abin da ya kamata kowane yaro na garin nan ya sani. Babbar jami'ar ƙasarmu, wadda ke hayin kogi a Yamai, tana ɗauke ne da sunan mutumin da aka haifa a nan Tasawa a shekarar 1929, wato Farfesa Abdu Mumuni Joffo. Ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa har ya kai maƙura, ya koyar a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ONERSOL tun daga 1969, aka kuma naɗa shi shugaban jami'ar Yamai a 1979. Ya rasu cikin watan Afrilu na 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Abu biyu nake so mu riƙe daga rayuwarsa. Na farko, da ya tara ilminsa, sai ya dubi abin da ƙasarsa ta fi wadata da shi, wato rana, ya sa ta aiki: ofishinsa ya ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da zafin rana. Na biyu, a littafinsa kan ilmi a Afirka, wanda aka buga a Faris a 1964, ya yi suka ga makarantar da Nasara ya bar mana saboda ta raba yaro da harshensa da sana'ar mutanensa, ta kuma tarbiyyantar da shi don kujerar ofis kaɗai. Shekara 60 da ɗoriya ke nan da wannan gargaɗi, amma har gobe in yaro ya shiga lakwal, abin da iyaye da dangi ke hange shi ne ranar da zai zama ma'aikacin gwamnati.

Lokacin da gwamnati take uwa da uba

Iyayenmu ba su yi laifi ba da suka sa wannan rai, domin sun ga zamanin da abin yake haka. An kafa cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A wancan lokaci masu cin jarrabawar bak ba su da yawa, gwamnati kuwa tana neman malamai da likitoci da malaman gona ido rufe. Da kuɗin yuraniyom na Arlit suka shigo a zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗalibi yana da burs, wato kuɗin tallafin karatu, yana da ɗaki da abinci, kuma tun kafin ya gama ya san ma'aikatar da aka tsara za ta ɗauke shi. Gwamnati ita ce mai masaukinsa, ita ce ubangidansa, ita ce mai nuna masa hanya. Babu wanda ya ga bukatar wani ofishin ba da shawara kan sana'a, tunda hanyar ɗaya ce, kuma a share take.

Wannan zamani bai daɗe ba. Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, ga kuma yunwar 1984 wadda mutanen jihar nan suke kira El Buhari. Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, sa'an nan da Bankin Duniya a 1986, kuma daga cikin sharuɗɗan akwai rage kashe kuɗi a kan albashi. Ƙofar ɗaukar ma'aikata kai tsaye ta fara rufewa. Da aka taɓo burs da tsarin jami'a, ɗalibai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka fito. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a kan gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe ɗalibai uku: Aliyo Nahanci, da Isaka Kaine, da Abdu Mamman Sagiru. Allah Ya jiƙansu. Jininsu na daga cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Janar Ali Shaibu yarda da jam'iyyu barkatai, ya kuma kai mu ga Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, inda ɗalibai suka zauna a matsayin rukuni mai ƙuri'a.

Ƙasa ta amfana da wannan gwagwarmaya. Amma tsanin nan da yake kai ɗalibi daga aji zuwa wurin aiki, wanda ya karye, ba a sake ɗaura shi ba. Aka shiga shekarun yajin aiki da bashin albashi da farar shekara, wato shekarar karatun da ta tashi a banza. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen shekarun nan aka koma ɗaukar malaman makaranta na sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi. Wanda ya gama jami'a sai ya nemi gurbin bautar ƙasa na shekara 2, in ya ƙare ya koma jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikata, inda dubbai ke rububin gurabe kaɗan. Tun daga lokacin, yawancin ja-in-jar ɗalibai da gwamnatocin da suka shuɗe a kan burs ne da gidan abinci da motocin jigila da ɗakunan kwana. Har rai an sake rasawa a kan haka, ranar 10 ga Afrilu 2017, lokacin da ɗalibi Mala Bagale ya rasu a zanga-zangar Yamai. Waɗannan bukatu na gaskiya ne, mai jin yunwa ba ya karatu. Sai dai maganar abin da ɗalibi zai yi da takardarsa bayan ya karɓa, ba ta taɓa samun irin wannan ƙarfi ba.

Jami'a ta matso kusa da gida

A da, yaron Korgom ko na Kanambakashe da ya ci bak sai ya yi tafiyar kusan kilomita 800 zuwa Yamai, garin da bai san kowa ba. Wannan ya sauya. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka kafa jami'o'i a garuruwan uku, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyyar sinadarai ɗan asalin garin, wanda ya riƙe ministan ilmi a zamanin Diori Hamani. Ana koyar da aikin gona da kiwo da muhalli a cikinta, da kimiyya, da likitanci, da fannonin gine-gine da lantarki da kanikanci. Daga nan Tasawa tafiyar wajen kilomita 120 ce, a bi ta Gazawa da Agye. Yaro yana iya kwana a gida ranar Lahadi, ya shiga aji ranar Litinin.

Wannan babban sauƙi ne, kuma ya kamata mu gode wa Allah. Amma kusancin bai warware komai da komai ba. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, kuma mafi yawansu yara ne. Kullum masu cin bak ƙaruwa suke yi, ɗakunan kwanan da hukumar CROU ke rabawa ba sa isa, ba kowa ke samun burs daga hukumar ANAB ba, wanda ya samu ma yakan daɗe yana jira. Saboda haka za ka tarar da samari biyar ko shida sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya a bayan gari, suna jiran tiyar hatsi da wake daga ƙauye. Yajin aiki kuwa yakan sa shekarun karatu su hau kan juna, lisans ta shekara 3 ta ci shekara 4 ko 5. Wanda abin ya fi shafa ita ce ɗiya mace. Sau nawa yarinya ta ci bak da maki mai kyau, amma uba ya ce ba za ta tafi ba, domin bai san gidan da za ta sauka ba? Kada mu gaggauta zarginsa. Amsar da yake nema ita ce masauki mai aminci, kuma wannan abu ne da ke cikin ikonmu.

Abin da na koya a rumfar wake

Ku ba ni dama in ba ku labarin kaina, ko da yake wanzami ba ya son jarfa. Fannin da na karanta, na zaɓe shi ne don wani yayana na unguwa yana cikinsa, zan sami mai ba ni aron littattafai. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini inda fannin yake kaiwa. Da na gama, na yi wata da watanni ina yawo da takardu ofis zuwa ofis. A ƙarshe wata ma'aikata ta ɗauke ni sitaj, wato zaman koyon aiki, na wata 6. Aikina shi ne kai takarda wurin kwafi da sayo wa manya shayi. Ranar da na bar wurin ban san fiye da abin da na sani ranar da na shiga ba.

Da na dawo gida, wani Alhaji mai fataucin wake da riɗi, abokin mahaifina, ya ce in riƙa zuwa rumfarsa maimakon zaman fada da shan shayi. Wata rana ya ce: "Ɗana, kai da ka yi jami'a, lissafa mini. In na cika mota da wake a nan, na bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, ga kuɗin mota, ga na ƴan dako, ga na kwastan, ga canjin naira da sefa na yau, in tafi ko in bari?" Na ɗauki biro da takarda ina ta zane. Kafin in kai rabi, yaronsa wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya ba shi amsa da ka, har ya ƙara da cewa a jira kwana biyu domin naira tana sauka. Na ji kunya ƙwarai.

Bayan ƴan makonni kuma sai ga wata ƙungiya tana neman wanda zai kawo mata wake mai yawa. Alhaji yana da kayan, yana da amana, amma ba shi da rajistar kasuwanci, ba shi da lambar haraji, bai kuma san yadda ake cike takardun neman kwangila da Faransanci ba. Nan ni ma na yi rana. Na bi masa takardun ɗaya bayan ɗaya har suka kammala. A ranar na gane cewa abin da ke hannunsa rabi ne, abin da ke hannuna ma rabi ne, kuma babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin haɗa mu. Sa'a ce kawai ta haɗa mu, domin ya san mahaifina. To, yaron da ubansa manomi ne a Urafan ko Gidan Amumun, wanda bai san wani Alhaji ba, wa zai haɗa shi?

Ga iyayenmu ƴan kasuwa

Alhazai, ranku ya daɗe, abin da Turawa ke kafa wa ofisoshi a jami'o'insu, suna kiransa jagorancin sana'a, ku kun gāje shi tun kaka da kakanni. Babu attajirin da ya tashi a Maraɗi ko Tasawa sai da ya yi barantaka a ƙarƙashin wani ubangida, wanda ya koya masa ciniki, ya gwada amanarsa, ya ba shi jari, ya yi masa aure. Babu kuma falken da ya shiga baƙon gari sai ya sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa, ya nuna masa mai saye. Ɗalibin yau yana bukatar waɗannan mutum biyu, mai masauki a birni da ubangida a sana'a. Ga roƙona guda uku.

Na farko, kowane ɗan kasuwa mai hali ya ɗauki ɗalibi ɗaya a babban hutu, na wata 2. Ku ba shi aiki na gaske: rubuta shige da ficen kaya, bin mota, lissafin bashi, zuwa banki da ofishin haraji. Ku ɗauke masa abinci da kuɗin mota. In ya gama, ku sa masa hannu a takardar shaida, domin duk inda ya je neman aiki tambayar farko ita ce ina ya taɓa aiki. Ku lissafa da kanku: in ƴan kasuwa 50 da ma'aikata 50 suka ɗauki ɗalibi ɗai-ɗai kowace shekara, cikin shekara 5 an horar da yara 500.

Na biyu, da yawanku kuna da gidaje a Maraɗi da Yamai da Damagaram. A ware gida ɗaya a kowane gari, ko a haɗa kuɗin hayarsa, domin ƴan matanmu ɗalibai, a sa dattijuwa mai mutunci ta zauna da su. Iyayenmu mata sun riga sun nuna mana yadda ake tara irin wannan kuɗi. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma da matan jihar Maraɗi a 1991, da zubin mako-mako na kuɗi kaɗan ya fara, ga shi an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na duniya.

Na uku, ku kai wa jami'a matsalolinku. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai don rubutun ƙarshen karatu, ku kuma kuna da tambayoyin da ke ci muku kuɗi. Ku dubi buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS. Leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, in an ɗaure iska ba ta shiga, sai ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ɓullo da shi, masu binciken INRAN na Maraɗi irin su Farfesa Ibrahim Bawa suka gwada shi, aka soma yaɗa shi a ƙauyukanmu daga 2007. Wanda ya taɓa buɗe sito ya tarar da wakensa ya zama gari, ya san darajar wannan bincike. Irin waɗannan tambayoyi suna nan jibge: yadda za a tsabtace riɗi da aya su kai matsayin da masu saye na waje ke so, yadda za a jeme fatar jar akuyar Maraɗi a gida maimakon fitar da ita ɗanya, yadda za a ci amfanin kaba da goruba na Gulbin Kaba ba tare da an kashe itatuwan ba.

Ga yayyena ma'aikata

Ku kuma kuna riƙe da abin da ya fi kuɗi tsada ga yaron ƙauye, wato labari. Kun san ranar da za a buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kun san takardun da ake bukata, kun san fannin da ya cika ya batse da wanda ake nema ba a samu. Ƴaƴanku suna jin wannan a bakin tabarmar cin tuwo, ɗan manomi kuwa sai bayan an rufe yake ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin bak ya kamata likita da malamin gona da malamin dabbobi da alƙali da injiniya su shiga lise-lisen Tasawa da Mayahi, kowa ya yi wa ƴan ajin ƙarshe bayanin aikinsa: shekara nawa ake karatunsa, a ina, me ake samu, wace wahala ke ciki. Yini ɗaya a shekara ya isa ya hana yaro ɓata shekara 3 a fannin da bai dace da shi ba.

Haka nan in an kawo muku ɗan sitaj, ku tuna amana ce. Ku zaunar da shi kusa da ku, ku ba shi fayil ya karanta, ku tafi da shi rangadi. Ku nuna masa ofishin ANPE inda masu neman aiki ke rajista, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, domin da yawa daga cikin ƙannenmu ba su taɓa jin sunayensu ba.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗi, amma dole a faɗe ta. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake kira PAC, wato dangi da abokai da ƴan sani. In muka bar wannan shiri a hannun sanayya, to mun ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai. Shawarata ita ce a buɗe rajista a ofishin magajin gari na kowace ƙaramar hukuma, daga Maijirgi da Hawandawaki har Isawan da Sarkin Hausa, kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da fanninsa da ajinsa. A liƙa guraben da aka samu a bango inda kowa zai gani, a raba su a gaban wakilan ɗalibai da na iyaye, a kuma fara da marayu da ƴaƴan marasa hali.

Ga hukuma da shugabannin jami'a

Wani zai ce ai duk wannan aikin gwamnati ne, don me za a ɗora wa ɗan kasuwa? Gaskiya ne, kuma abin da na faɗa bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Biyan burs a kan lokaci, da gina ɗakuna, da kiyaye kalandar karatu, da gudanar da jarrabawar ɗaukar aiki cikin adalci, duk haƙƙi ne a wuyanta, kuma mu ƴan jarida ba za mu daina tambaya ba. Muna kuma roƙon kowace jami'a ta ƙarfafa ofishin da ɗalibi zai shiga ya nemi shawara, da ma'aikaci wanda wannan ne kaɗai aikinsa, mai riƙe da sunayen kamfanoni da ƴan kasuwa da tsofaffin ɗalibai. Ya kamata kowace tsangaya ta riƙa bin sawun waɗanda ta yaye, ta san nawa suka sami aiki bayan shekara 2 da irin aikin, ta kuma buga sakamakon don iyaye su gani kafin su zaɓa wa ƴaƴansu fanni. Amma yaron da ke aji na biyu a bana ba zai iya jira sai gwamnati ta yi arziki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ƙannena ɗalibai

Ku kuma, ƙannena, ku yi haƙuri da abin da zan gaya muku. Ƙungiyarku tana da tarihi mai daraja, kuma ba ni ne zan ce ku daina neman haƙƙinku ba. Amma a takardar bukatunku ta gaba, ku sa maganar sitaj da ofishin shawara kusa da maganar burs, ku kuma riƙa auna kowane yajin aiki da watannin da zai ci daga rayuwarku.

Kada ku jira ranar karɓar digiri kafin ku fara neman ubangida. Matambayi ba ya ɓata. Ku koyi kwamfuta da gaske, ba latsa waya kaɗai ba. Ku koyi Ingilishi, domin Katsina da Kano sun fi Yamai kusa da mu, kuma tun Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ku koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta. Kundin da aka ƙaddamar cikin Maris 2025 ya mai da ita harshen ƙasa, amma ko ba don haka ba, malamin gonar da ba zai iya yi wa manomi bayanin taki da iri cikin harshensa ba, ilminsa ya tsaya a littafi. Ku kuma je ku zauna da manoman da suka mai da gonakin jihar nan kore ta hanyar sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo su girma a cikin hatsi. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun yi nazarin aikinsu, bai kamata ɗan gida ya zama shi ne baƙo a wurin ba.

Kada ku raina aiki. Wanda ya riƙe alli a matsayin ɗan kwantaragi a ƙauye, ko ya buɗe shagon gyaran famfo mai aiki da hasken rana, ko ya tsaya a rumfar Alhaji yana rubutu, ya fi wanda ke zaune a fada yana jiran ranar da sunansa zai fito a jerin ma'aikata. Wasu daga cikin abokan karatuna sun gaji da jira, sun bi hanyar Libiya da Aljeriya, wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado bayan da aka gano ta a 2014. Ban zarge su ba, na san abin da ya kore su. Sai dai ina ganin da an sami wanda ya riƙe hannunsu wata 2 kacal, da wasunsu suna cikinmu a yau.

Iyayena, in ɗanku ya dawo da takardarsa, ku ci gaba da yi masa tambayar da mahaifina ya yi mini, haƙƙinku ne. Amma ku ƙara da wata: "Me ka iya, kuma wurin wa zan kai ka?" Ina roƙon kada mu tashi daga wannan wuri sai an zagaya da takarda, duk mai iya ɗaukar ɗalibi a hutu mai zuwa, ko mai ɗakin da zai bayar, ko mai yini ɗaya da zai ba ƴan lise, ya rubuta sunansa. Ni na yi alkawarin ɗaukar ɗalibi ɗaya a ɗakin labarunmu, in kuma Allah Ya kai mu baɗi, zan dawo in buga a jarida adadin waɗanda suka cika alkawari.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ku gafarce ni. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.